Likitan Jariri da Kakansa: Yadda Mai Neman Ƙwarewa Ke Auna Gidajen Horo a Amurka

A kowane babban asibiti na wannan zamani akwai wata iyaka wadda ba a zana ta a ƙasa ba, amma babu ma'aikacin da bai san da zamanta ba, ita ce wadda ta raba ɓangaren yara da ɓangaren manya, kowane da likitocinsa da ɗakunan kwanciyarsa da littattafansa da ɗabi'unsa na aiki, har ta kai ga likitan da ya shekara ashirin yana duba dattawa, in aka miƙa masa jariri ɗan kwana uku sai gabansa ya faɗi, shi kuma likitan yara ya rasa ta inda zai fara idan aka shigo masa da tsoho mai hawan jini da ciwon ƙoda, riƙe da leda cike da kwalaben magani. Magabata irin su Abubakar Ar-Razi, wanda ya yi aiki a Rayyu da Bagadaza, ya kuma rubuta risala a kan bambancin agana da ƙyanda, ba su san wannan iyaka ba, domin a zamaninsu hakimi ɗaya ne ke duba gida gaba ɗayansa. Ilmi ne ya yi faɗi daga baya har ya wajabta a raba shi, kuma rabawar ba aibu ba ce. Sai dai akwai bayin Allah masu yawa waɗanda cutarsu ba ta tsayawa a bakin wannan iyaka.

Mai karatu ya ɗauki misalin mai ciwon sikila, cutar da ba sai an yi wa Bahaushe dogon sharhi a kanta ba, tun da babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar masu ita, ko da yake Amurka ma tana da kimanin mutum 100,000 da ke fama da ita. Yaro ne aka gano ciwonsa tun yana cikin zanin goyo, ya tashi a hannun likitocin yara waɗanda suka san sunan mahaifiyarsa, suka san jijiyar da ke karɓar allura a hannunsa da wadda ta riga ta toshe, suka kuma san maganin da ke kwantar masa da ciwo idan ya motsa. Ran nan ya cika shekara 18 ko 21, gwargwadon ƙa'idar asibitin, sai a ce masa ya girma, ya koma ɓangaren manya. Daren farko da ciwon ya tashi, ya je sashen gaggawa inda ba wanda ya san shi, ya faɗi sunan maganin da yake bukata da ma'auninsa dalla-dalla, kamar yadda aka koya masa tun yana ƙarami, sai wannan sanin nasa ya zame masa abin tuhuma, a riƙa kallonsa da zaton mai neman ƙwaya ne. Binciken da aka yi a Amurka ya tabbatar da cewa shekarun da ke biyo bayan wannan ƙaura suna cikin mafi haɗari a rayuwar masu sikila. Haka lamarin yake ga waɗanda aka haifa da nakasar zuciya, waɗanda a da ba su cika kai wa balaga ba, amma yanzu, albarkacin tiyata, manyansu sun fi yaransu yawa a Amurka.

Domin irin waɗannan mutane, da kuma garuruwan da likita ɗaya ne zai tsaya wa kowa, Amurkawa suka tanadi wani horo na ƙwarewa wanda ya haɗa likitancin cututtukan manya da likitancin yara, wanda ma'abotansa ke kira Med-Peds a taƙaice. Hukumomi biyu masu ba da shahadar ƙwarewa a waɗannan fannoni sun amince da shi a shekarar 1967, kuma jami'ar Rochester da ke jihar Niyok da jami'ar Karolina ta Arewa suna cikin waɗanda suka fara buɗe masa ƙofa. Kowane fanni a karan kansa shekara uku ake yi, wato da mutum zai bi su ɗaya bayan ɗaya da sai ya shekara shida. Amma a wannan tsari an cure su cikin shekara huɗu, wata 24 a ɓangaren manya, wata 24 a ɓangaren yara, bayan haka likita ya cancanci zama jarrabawar hukumomin biyu, ya riƙe ijaza biyu cikakku. Ba a koyar da tiyata ko karɓar haihuwa a cikinsa, kuma a nan ya rabu da likitancin iyali, wanda shekara uku ne, ya fi faɗi, amma bai kai wannan daɗewa a ɗakunan kwanciya da sassan masu tsananin jinya ba.

Fanni ne ƙarami. Gidajen da ke ba da wannan horo ba su wuce kusan 80 ba a duk faɗin ƙasar, guraben da suke buɗewa a shekara kuma kimanin 400 ne, alhali likitancin manya shi kaɗai yana da gurabe fiye da 9,000, na yara kuma kimanin 3,000. Masu sukarsa sun daɗe suna cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya, domin akwai gidan horon da ke fitar da likita mai ƙarfi a ɓangare ɗaya, mai rauni a ɗayan, yana riƙe da takardu biyu amma zuciyarsa ba ta natsu da ɗayarsu ba. Wannan kuwa shi ne asalin abin da ya sa zaɓen gida a wannan fanni ya fi zaɓensa a sauran fannoni wuya, tun da mai nema ba makaranta ɗaya yake aunawa ba, biyu ne, da kuma igiyar da ta ɗaure su.

Shehu Az-Zarnuji, a cikin Ta'alimul Muta'allimi, littafin da almajiran ƙasar Hausa suka sani ƙwarai, ya ware babi guda a kan zaɓen ilmi da malami da abokin karatu, ya kuma yi nasiha da a yi shawara, a yi jinkiri kafin a durƙusa gaban wani malami, don kada a fara sannan a bari. Ɗalibin likitanci a Amurka jinkirinsa yana da wa'adi, domin a watan Satumba yake aika takardunsa ta na'urar da ake kira ERAS, daga Oktoba zuwa Janairu ko farkon Fabrairu a yi ta ganawa da shi, a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris kuma ya miƙa jerin zaɓinsa. Cikin waɗannan 'yan watanni, abin da ya fi saurin ruɗar idonsa shi ne sunan jami'a. Ni kuwa a ganina, mai hankali ba daga ɓangaren da ya yi suna yake fara tambaya ba, daga wanda ba a ambata yake farawa, domin shahararren ɓangaren zai koyar da shi ko ya tambaya ko bai tambaya ba, amma raunin ɗayan zai bi shi har ƙarshen aikinsa.

A ɓangaren yara, babban abin da ake dubawa shi ne ko asibitin yaran mai zaman kansa ne, da gininsa da hukumarsa, ko kuwa hawa biyu ne ko uku a cikin asibitin kowa da kowa. Asibitocin yara na Filadelfiya da Bostan da Cincinnati, da Riley da ke Indianapolis, da Nationwide da ke Columbus, da Texas Children's da ke Houston, duk na farkon ne, kuma a irinsu ne ake tara cututtukan da likita zai iya ƙare rayuwarsa bai gani ba sai a littafi, ana kawo yara daga jihohi masu nisa har da ƙasashen waje. Amma wannan daraja tana da farashinta, domin irin waɗannan wurare cike suke da likitocin da suka riga suka gama horon farko suna neman ƙwarewa ta biyu, kuma sau da yawa su ne ke tsaye tsakanin sabon likita da majinyaci, su ne ke sa bututun numfashi, su ne ke yanke hukunci da tsakar dare, shi kuma yana rubuta abin da aka yanke. A ƙaramin asibiti kuwa, inda babu waɗannan, cutar da ba a saba gani ba takan wuce zuwa wani gari, amma yaron da asma ta shaƙe shi da ƙarfe uku na dare hannun wannan sabon likitan ne zai fara taɓa shi. Babu wanda ya fi wani a mutlaƙi. Wanda muradinsa ya zama masanin cutar jini ko zuciya, na farkon ya fi masa, wanda kuma yake nufin zama a ƙauyen da ba shi da na biyu, lalle ya nemi inda za a bar shi ya yi da hannunsa.

A ɓangaren manya kuma, sai a ƙirga irin asibitocin da ake zagayawa. Akwai asibitin jami'a, inda ake dashen ƙoda da hanta. Akwai asibitin gunduma, mafakar talakawa da baƙi da marasa inshora, inda cuta kan zo bayan ta riga ta yi nisa, yanayin da likitan da ya yi karatu a Kano ko Zariya ba zai ji shi baƙo ba. Akwai kuma asibitin tsofaffin sojoji, wanda galibin majinyatansa maza ne masu shekaru, masu ciwon huhu da zuciya da sukari. Gida irin na kwalejin Baylor da ke Houston yana kai ɗalibansa asibitin gunduma na Ben Taub da na tsofaffin sojoji baya ga na yara, wani gidan kuwa asibiti ɗaya tal gare shi. Wanda horonsa ya rinjaya ga tsofaffin sojoji zai fito gwani a cututtukan dattawa maza, amma ya kamata ya tambaya a ina zai ga mata, da masu shekara talatin.

Sai mas'alar da, a ra'ayina, ta fi duk sauran nauyi, ko da yake ba ta fitowa a jadawalin martabar jami'o'i, ita ce ko wannan horo yana da gidan kansa, ko kuwa ɗalibansa baƙi ne a gidaje biyu. Likitan da ke wannan hanya yana ƙarƙashin sassa biyu, kowane da shugabansa da jadawalinsa da bukatarsa ta masu aikin kwana, kuma ɗabi'ar kowane sashe ce ya fara duba 'ya'yansa na asali. Idan babu darakta mai faɗa a ji, wanda shi ma ta wannan hanya ya biyo, mai ofis da kasafin kuɗi da kujera a majalisar sassan biyu, to ba abin mamaki ba ne a wayi gari an sa wa mutum ɗaya aikin kwana na hutun ƙarshen shekara a ɓangaren manya bana, baɗi a sa masa a ɓangaren yara, kowane sashe yana zaton ɗayan ya hutar da shi. Saboda haka mai nema ya tambayi adadin malaman da ke riƙe da ijazar biyu kuma suke aiki da su duka har yanzu, ya tambaya ko akwai babban ɗalibi da aka keɓe wa 'yan wannan fanni, ya tambaya ko suna da majalisin karatu nasu na mako ko na wata, ya kuma bincika tsawon zaman daraktan a kujerarsa, domin gidan da ya canza darakta uku cikin shekara biyar akwai abin da bai faɗa ba.

Mafi bayyanar alamar gida kuwa ita ce asibitin sha-ka-tafi inda ɗalibi ke da majinyatansa na dindindin tsawon shekarun huɗu. A wasu wurare an haɗa shi wuri ɗaya, har ka ga likita da hantsi ya auna kan jaririya 'yar wata biyu ya sa a yi mata riga-kafi, ya juya ga mahaifiyarta ya tambaye ta ko tana samun barci, ko baƙin cikin bayan haihuwa ya taɓa ta, ya fita ya shiga ɗaki na gaba ya tarar da kakan yarinyar ya cire takalmi yana jiran a duba masa ƙafa saboda ciwon sukari, malamin da zai gabatar wa duka ukun kuma mutum ɗaya ne. A wasu wuraren kuwa, wannan mako yana asibitin yara a gabashin gari, mako mai zuwa yana na manya a yammaci, malamai daban, takardu daban. Na biyun ma yana koyarwa, har wasu na cewa ya fi tabbatar da adadin yaran da ake gani, tun da haɗaɗɗen asibiti kan karkata ga manya idan ba a kula ba, don haka ya dace a nemi sanin kason yara a cikinsa. Amma wanda bai taɓa ganin an yi aikin a haɗe ba, da wuya ya gaskata cewa mai yiwuwa ne, kuma irinsa ne kan ajiye rabin ilminsa bayan ya gama.

Daga nan sai jadawalin sauyi. Shekarar aiki tana farawa a watan Yuli, kuma galibin gidaje suna sauya ɗalibi daga wannan ɓangare zuwa wancan duk bayan wata uku ko huɗu. Ba ƙaramin abu ba ne wannan sauyi ga wanda bai ɗanɗana ba: ranar Lahadi yana tsaye a kan tsohuwa mai shekara 90 wadda bugun zuciyarta ya kai 140 a minti, ana ta kai-komo don a saukar da shi, ranar Litinin kuma yana gaban kwalbar bakwaini wanda nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, bugun zuciyarsa shi ma 140, amma a nan alhamdu lillahi ake cewa, jiya yana rubuta magani ƙwaya ɗaya safe da yamma, yau kuwa sai ya lissafa kowane ɗigo bisa nauyin jiki, inda kuskuren sifiri guda ke iya zama ajali. Sauyi a kai a kai yana hana mantuwa amma yana hana natsuwa, jinkirinsa kuma yana ba da natsuwa amma yana sa hannu ya yi tsatsa. Akwai kuma sha'anin yanayi, domin cututtukan numfashi na jarirai da hunturu suke cika asibiti, kuma wanda jadawalinsa ya kai shi ɓangaren yara da bazara kowace shekara zai fita bai san abin da likitocin yara ke kira aiki ba. Mai nema ya roƙi a nuna masa jadawalin shekara huɗu na wani ɗalibi na hakika, ya bi shi wata-wata da yatsa.

A cikin wannan jadawali ne zai ga wani bambanci da ba a cika bayyanawa ba sai an tambaya. A ƙarshen shekarar farko, ɗan wannan fanni yana da wata shida ne kacal a kowane ɓangare, alhali abokan shigarsa masu fanni ɗaya suna da goma sha biyu, kuma a lokacin ne ake ɗaga su su zama masu kula da sababbin shiga. Wasu gidaje suna ɗaga shi tare da su, wasu kuma suna tsawaita masa matsayin ƙarami har zuwa wata 16. Na farko yana jefa mutum cikin ɗaukar nauyi da wuri, na biyu yana ba shi lokaci amma yana sa shi zama ƙarƙashin sa'o'insa na ɗan wani lokaci, kuma kowa ya san halin zuciyarsa, wanne ne zai fi iya ɗauka. Dokar aiki dai ɗaya ce ga kowa tun shekarar 2003, wato kada a wuce awa 80 a mako idan aka daidaita makonni huɗu, sai dai a tambayi ɗalibai ko ana kiyaye ta a aikace.

Girman aji ma abin lura ne, ko da yake ba sai an tsawaita a kansa ba. Akwai gidan da ke ɗaukar mutum huɗu a shekara, akwai mai ɗaukar fiye da goma, kamar na jami'ar Indiyana wanda ke cikin mafiya girma. Ƙaramin aji zumunci ne, amma in ɗaya ta tafi hutun haihuwa ko wani ya kwanta jinya, nauyin a kan mutum uku zai sauka.

Hujjar da ba ta ƙarya ita ce makomar waɗanda suka gama. Kowane gida na gari yana iya nuna jerin ɗalibansa na shekara biyar da suka wuce da inda kowane ya nufa: wane ya buɗe asibitin unguwa yana duba yara da manya, wane ya zama likitan ɗakunan kwanciya, wane ya ci gaba da ƙwarewa ta biyu a cutar zuciya ko ƙoda ko cututtuka masu yaɗuwa, ko a ɓangare ɗaya ko a haɗe. Idan jerin ya nuna kusan kowa ya ƙare a ɓangaren manya kaɗai, to an san inda gidan ya karkata, komai daɗin bakin daraktansa. A nan akwai wani sabon al'amari da ya wajaba mai nema ya sani, shi ne cewa a shekarar 2016 an mayar da aikin kula da yara a ɗakunan kwanciya wani fanni mai shahadar kansa, wadda sababbin likitoci ba sa samu sai da ƙarin horo na shekara biyu, alhali takwaransa na manya ba ya bukatar haka. Wannan ya jefa masu son yin aikin kwanciya a ɓangarorin biyu cikin shubuha, kuma ya kyautu a tambayi kowane gida yadda ɗalibansa na baya-bayan nan suka yi da ita. Hukumomin jarrabawa kuma suna wallafa kason waɗanda suka ci daga kowane gida, sai dai a karanta shi da basira, domin a ajin mutum huɗu faɗuwar mutum ɗaya kan sa lissafi ya yi muni fiye da hakikarsa. Jarrabawar manya a watan Agusta ake yin ta, ta yara a Oktoba, kowace tana cin fiye da dala 1,000, kuma gidan da ya damu da ɗalibansa yakan taimaka da kuɗin littattafai da lokacin bita.

Bayan duk wannan, mutum ba a cikin asibiti kaɗai zai rayu ba. Mafi yawan waɗannan gidaje suna gabashin ƙasar da tsakiyarta da kudancinta, yammaci kuwa 'yan kaɗan ne. Albashin shekarar farko a galibin wurare yana tsakanin dala 60,000 da 70,000, kuma kuɗin da zai riƙe magidanci da iyalinsa cikin sutura a Indianapolis ko Columbus, a Bostan ko Los Anjelis hayar ɗaki kaɗai za ta cinye rabinsa. Musulmi kuma yana da nasa tambayoyin da bai kamata ya ji nauyin yi ba: ko akwai wurin salla a asibitin, ko ana iya musanya awa guda ranar Juma'a, ko 'yan'uwan aiki sukan sassauta wa mai azumi. Garuruwa irin su Detroit da maƙwabciyarta Dearborn, da Minneapolis mai yawan Somaliyawa, da Houston mai yawan 'yan Nijeriya, ba a wahalar masallaci ko naman halal a cikinsu, kuma wanda zai shekara huɗu yana fita kafin asuba ya dawo bayan isha ya san darajar wannan.

Tun annobar 2020 yawancin ganawa ta koma ta bidiyo, abin da ya sauƙaƙe wa mai ƙaramin ƙarfi kuɗin jirgi da masauki, amma ya raba shi da abin da ido ke tsinta a farfajiyar asibiti. Abin da ya rage masa shi ne zaman hira da ake shiryawa da ɗalibai ba tare da malamai ba, kuma a nan ne ya kamata ya kasa kunne. Tambayar ko suna jin daɗi ba ta da amfani, domin kowa zai ce yana ji. Gara ya tambayi ɗan shekara ta biyu yadda makonsa na farko na shugabanci ya kasance, da wanda ya kira lokacin da abu ya rikice masa. Ya tambaya wane abu ɗalibai suka yi kuka da shi bara, me kuma aka canza. Ya tambaya ko akwai wanda ya bar gidan kafin ya gama, da dalili. Ya kuma lura da fuskokinsu, ko suna kiran junansu da suna suna dariya, ko kuwa kowa na jiran agogo ya cika.

Shi kansa rabon guraben wata hukuma ce mai suna NRMP ke yin sa tun 1952. Mai nema ya jera gidajen da ya gana da su bisa fifikonsa, kowane gida ya jera masu nema bisa nasa, kwamfuta ta haɗa su ta hanyar wani lissafi wanda Alvin Roth da Elliott Peranson suka sake wa fasali a ƙarshen shekarun 1990, irin aikin da ya sa Roth ya sami lambar Nobel tare da Lloyd Shapley a 2012. An gina lissafin ne ta yadda mai nema ba ya cutuwa don ya sa gidan da yake so a sama ko da yana ganin ya fi ƙarfinsa, domin idan bai samu ba, matsayinsa a zaɓi na biyu bai ragu da komai ba. Saboda haka dabarar sa gidan da ake zaton zai karɓe ka a gaban wanda kake ƙauna hasara ce tsantsa, haka kuma dogaro da wasiƙar daraktan da ya ce ka burge su, tun da irin wannan wasiƙa ba alkawari ba ce. Abin da ke alkawari shi ne jerin da aka miƙa, domin duk gidan da aka haɗa ka da shi ya zama wajibi ka je, don haka gidan da mutum ya san ba zai iya zama a cikinsa ba, kada ya rubuta shi ko a ƙarshe. Ranar Litinin ta makon sakamako ake sanar da kowa ko ya samu, waɗanda ba su samu ba su shiga neman ragowar gurabe, ranar Juma'a ta uku a watan Maris kuma a buɗe takarda a ga gari.

Likitan da ya yi karatunsa a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, yana kuma hangen wannan hanya, hakkinsa ne a gaya masa gaskiya cewa ƙofar ƙunci gare ta, domin mafi yawan waɗannan gurabe ɗaliban makarantun Amurka ne ke cike su, kuma hikima ce ya haɗa da neman fanni ɗaya daga cikin biyun. Sai ya sami shahadar hukumar ECFMG, ya ci jarrabawar USMLE, wadda matakinta na farko ya koma ci ko faɗuwa kawai tun Janairun 2022, abin da ya mayar da nauyi kan makin mataki na biyu. Sai ya nemi wasiƙun shaida daga malaman manya da na yara duka. Sai kuma ya bincika a kundin FREIDA da shafin kowane gida ko sun taɓa ɗaukar baƙo, ko sun ƙayyade shekarun da suka wuce tun gama makaranta, da irin bizar da suke tsaya wa mutum, yana sane da cewa dokokin shiga Amurka suna sauyawa da sauyin gwamnati. Bizar J-1, wadda ita ce mafi yawa, tana ɗauke da sharaɗin komawa gida na shekara biyu bayan gamawa, sai fa in an sami rangwame ta hanyar yin aiki a yankin da ke ƙarancin likitoci. Wanda kuwa niyyarsa ta komawa ce tun asali, ya sani kwalejojin ƙwarewa na Nijeriya da na Afirka ta Yamma fannonin nan biyu a rabe suke koyar da su, asibitocin koyarwa ma sashen manya daban, sashen yara daban, don haka ranar da ya dawo da ijazarsa biyu sai ya zaɓi sashen da zai ɗauke shi aiki, ko kuma ya shawo kan shugabannin biyu su yarda su yi tarayya a kansa, su ba shi rana guda a mako da ɗaki guda inda zai karɓi samari da 'yan matan sikila da ke barin hannun likitocin yara.